Jan Manja da Dundumina

Ranar wata Alhamis, a daminar da na shiga aji uku, na afka kwatar ƙofar gidanmu a Agege ana kiran sallar magariba. Wasan ɓuya muke yi, kowa ya ruga, ni kuwa sai na ji kamar an kife ni da ƙwarya. Ba ranar aka fara ba. Da rana in ɗebo ruwa a famfo, in yi carafke, in hango motar haya ta danfo tun daga titin jirgi, amma rana na faɗuwa sai lalube. Inna ta ce rawar kai ce, ta haɗa mini da ranƙwashi. Ni dai tsoro nake ji, na ɗauka makancewa zan yi.

Maƙwabciyarmu Iya Sikira, Bayarbiya mai sayar da ganye a Iyana Ipaja, ita ta tsamo ni. Ta kaɗa hannu a gaban fuskata, ko ƙiftawa ban yi ba. Washegari sai ga ta tsaye a kan Inna a madafa. Inna 'yar ƙauyen Katsina ce, da man gyaɗa ta tashi, jan manja kuwa ƙyamarsa take, sai ta soya shi har ya yi fari, hayaƙi ya kori kowa daga tsakar gida. "Maman Hadiza, kin ƙone magani, kin bar mai!" in ji Iya da gurguwar Hausarta. "Dundumi ne da yarinyar nan."

Inna ta yi tsaki, amma tun daga ranar miyarmu ta koma ja. Ga alayyahu, ga karas, ga doya da ɗanyen manja, har leɓena ya rine yara suna tsokanata. Kafin ruwa ya ɗauke na daina lalube, don murna har aike nake nema bayan magariba.

Sai da na girma na karanta cewa jan nan shi ne karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A don ido ya gani a duhu, yana kuma kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, wuta mai tsanani kuwa kashe shi take. Yau a kwalba ake sayar da shi a kemis, maƙwabta kuma ba mai leƙa tukunyar wani. Inna ta tsufa a Abule Egba, ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Amma bari jikarta ta bar manja a wuta, ka ji faɗa. Na so a ce Iya ta rayu ta ji faɗan nan.