Dinyar da Na Binne

Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Nakan fara rubutawa in goge, don karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba in ɗauki alhakin wani. Yau dai na daure.

Shekarun baya ina tuƙa kwale-kwale a fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Guri. Duk lokacin sanyi, in tsuntsayen ƙasashen nesa suka sauka, wasu likitocin dabbobi kan zo in shiga da su ruwa. Da farko aikinsu dariya ya ba ni: manyan mutane da safar hannu suna bin kashin tsuntsu, suna dangwala da tsinke mai auduga suna jefawa a kwalba. Babbansu ya ce murar tsuntsaye suke nema, don takan biyo na daji ta shiga kajin gida. Ya ce, "Malam, in ka ga tsuntsu yana layi ya kasa tashi, kada ka taɓa. Kira ni."

Ya faɗa wa wanda bai kamata ba. Ni da nakan dawo daga ƙofar masallaci don in sake duba ko na ɗaure akuya!

Wata shekara sanyi ya zo, tsuntsaye suka zo, likitoci ba su zo ba.

Ran nan da hantsi abokina, masunci, ya yi sallama gidanmu riƙe da ƙatuwar dinya yankakkiya. Ya ce wa mahaifiyata, "Inna, ga tsuntsu daga sama gasasshe!"

Na tambaye shi yadda ya kama ta.

"Ba tarko, ba harbi. A bakin ruwa na same ta tana murɗa wuya, na yi maza na sa mata wuƙa kafin ta zama mushe."

Inna har ta ɗora ruwan figa, kajinta sun kewaye ta suna jiran hanji. Kajin nan su ne rufin asirinta. Tun rasuwar mahaifina, da su take sayen sabulu da magani, ba ta roƙon kowa.

Na ce, "Inna, don Allah kada a fige ta."

"Kai ɗan nan, ba ka ji ba? An yanka ta, an ambaci sunan Allah."

"Na ji, Inna. Halal ce. Amma wuƙa ba ta yanka cuta."

Abokina ya tuntsire da dariya. "Don ka ɗauki likitoci a jirgi shi ke nan ka zama likita? Ni ma na taɓa haye ruwa da amarya, ban zama ango ba."

Na fita zaure na kira babban likitan. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce masu ba da tallafin aikinsu sun dakata, ko man mota babu, balle kayan gwaji. "Ka binne ta da zurfi, ku wanke hannu da sabulu, a kulle kajin. Iyakar abin da zan iya ke nan, ka yi haƙuri."

Haka na yi. Da yamma Inna ta dire mini tuwo da miyar kuka lami ta ce, "Ci, likita. Wannan ba ta mura."

Kajin suka yi makonni a akurki, ni kuma kullum ina tsugune ina sauraron numfashinsu. Wata ta lumshe ido da rana, har na fara salati, ashe gyangyaɗi take. Ko ɗaya ba ta mutu ba, a gidanmu ko a gidan abokina.

Abin ya wuce tuntuni, mun ma mai da shi abin wasa. Abokina yakan ce ni kaɗai ne a ƙasar Haɗeja na yi wa nama jana'iza. Amma har yau ban san abin da na yi ba. Kajin Inna na ceta, ko kuwa lafiyayyen nama na raba ta da shi a ranar da take marmari? Tsinke ɗaya da kwalba ɗaya sun isa su raba gardamar, ba a samu mai biya ba.

Bana ma tsuntsayen sun sauka, fadama ta cika. Don Allah, in akwai wanda ya san ko an dawo da gwajin nan, da inda ake kai rahoto a yankinmu, ya sanar da ni. Abokina bai daina yawo da wuƙarsa ba.