Takardar da Ta Yi Sati Uku a Durowata

Shekara biyu na yi ina zaune a gida bayan bautar ƙasa kafin in sami aiki a sashen bincike na wani asibitin koyarwa a nan Jos. Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Bakina ne ya sa aka ɗauke ni: ina jin Hausa, ina jin Turanci, ina ɗan taɓa yarenmu na ƙauye, kuma ba ni da saurin ƙyama. Ofishinmu wani dogon ɗaki ne a ƙarshen lungu, an jera fayil-fayil a kan kanta, kowace cuta da launinta. Na masu suga kore ne, na masu hawan jini shuɗi, na 'yan sikila ja. Aikina in zauna da majinyaci in fassara masa takardar amincewa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, in ba shi lamba, sannan in riƙa kiransa a waya don kada ya ƙetare ranar dawowa.

Ogana babban likita ne mai tsafta ƙwarai. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In zai ci mutuncin mutum, sai ya cire tabarau yana gogewa, yana murmushi, ya faɗi maganar a hankali.

A shekarata ta farko aka fara bincike kan gyambon ƙafa na masu ciwon suga. Wani sabon magani ne da ake ɗaure miki da shi, ana so a gwada shi da wanda aka saba. Lokacin rufe rajista ya matso, mutane ba su cika ba. Wata Litinin oga ya tara mu, mu huɗu masu ɗaukar mutane, ya ce kwantiraginmu zai ƙare ƙarshen wata, kuma shi ba ya iya roƙon a sabunta wa wanda bai ga amfaninsa ba. Da ya zo kaina sai ya ce, "Ke ba a Tudun Wada kike ba? Duk unguwar babu mai ruɓaɓɓiyar ƙafa ko ɗaya?"

Akwai. Ɗakinta yana kallon namu a gidan hayar da na tashi. Inyamura ce, ta zo Jos tun tana amarya, mijinta ya rasu, ɗanta guda yana can kudu. Da tana da shago a cikin babbar kasuwa. Bayan kasuwar ta ƙone sai ta koma bakin titi a Taminus da tebur ɗaya, tana sayar da agushi da busasshen kifi. Duk gidan Mama muke kiranta. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" da "shi" take ce musu. Tun ina ƙarama, in mahaifiyata ta tafi zumuntar mata a majami'a, a ɗakinta nake cin abinci. Wata biyar ke nan tana ɗaure diddigenta da tsumma, tana sayen ƙwayoyi a kemis, tana shafa man da aka yi wa addu'a.

Da yamma na same ta tana tsince agushi a faifai. Na ce mata an kawo sabon magani, kyauta ne, kuma zai warkar da ita. Takardar amincewar shafi huɗu ce. Shafi na uku ya ce ƙuri'a ce za ta raba wanda zai sami sabon maganin da wanda zai sami tsohon, babu alkawarin warkewa, kuma ana iya cire mutum in gwajinsa ya saɓa wa sharuɗɗa. Na karanta mata na farko da na biyu, na haɗa na uku da na huɗu na juya tare.

Ta karɓi biro ta ce, "Yarinyana, in kai ne ka kawo, ba na tambaya."

Ranar farko a asibiti an kwantar da ita, ɗaliban likitanci kusan goma suka kewaye gadon. Na kwance tsumman. Wata ɗaliba ta toshe hanci, ta koma baya. Oga ya sunkuya da rula, ya auna tsawo da faɗi, ya sa na ɗauki hoto, sannan ya ce wa ɗaliban da Turanci su duba da kyau, sun daɗe ba su sami miki mai kyau irin wannan ba. Ya ce irin waɗannan matan sai ƙafa ta fara wari suke tunawa da asibiti. Bai dubi fuskarta ba ko sau ɗaya. Mama ta fi ni jin Turanci, amma sai ta zuba wa silin ido. Da muka fito ta ce, "Ogan naka yana son ƙafana fiye da ni." Muka yi dariya.

Sati biyar tana zuwa duk Talata. Ana wanke mikin, ana ɗaurewa, ana ɗibar jini. Mikin bai ragu ba, amma ya daina wari, ita kuwa hakan ya ishe ta murna. Ta shaida wa duk gidan cewa ni ce na cece ta. Kullum sai ta aiko wa mahaifiyata da kan kifi a takarda. An sabunta mini kwantiragi.

A sati na shida sakamakon jininta ya dawo da jan layi a ƙarƙashin gwajin ƙoda. Oga ya duba, ya rufe fayil ɗin, ya rubuta takardar tura ta asibitin masu ciwon ƙoda, ya sa kwanan wata, ya buga hatimi. A saman takardar ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa a gan ta cikin gaggawa.

Ya miƙo mini ya ce, "Ta fita daga sharuɗɗa. Ki gaya mata. Mutuniyarki ce."

Na ce, "Oga, wankin mikin fa?"

"Ta bi layi a sashen marasa lafiya na waje kamar kowa. Mu bincike muke yi a nan."

Shi ya yi nasa aikin, takarda ya rubuta, kuma daidai ya rubuta. Ni ce na buɗe durowar teburina na saka ta a ƙarƙashin fom-fom na rufe. Na ce a raina gobe zan gaya mata a gida, in na sami lokacin da babu kowa a tsakar gida. Washegari na fita tun kafin ta buɗe ƙofa.

Talata ta zo. Ta hau keke mai ƙafa uku daga Tudun Wada, ta zauna a bencin da ke bakin ofishinmu tun ƙarfe takwas. Ina hango ta ta taga. Wajen ƙarfe biyu na fita na ce mata likita ya yi tafiya. Ta ce ba komai, Allah ya dawo da shi lafiya. Talatar da ta biyo baya na ce maganin ne ya ƙare, ana jiran mota daga Legas. Ta yi wunin ranar ma a bencin, teburinta na Taminus a rufe. Bandejin ƙafar ya yi baƙi, ta ɗora tsumma a kansa. Duk wannan lokaci ina ganin idanunta suna kumbura da safe, ina ganin ta daina cinye abincinta, kuma na san abin da hakan yake nufi, don ni nake cike fom ɗin masu ciwon ƙoda a wani binciken da muke yi.

Talata ta uku oga ya wuce ta gabanta da ɗalibansa. Ta miƙe da ƙyar ta gaishe shi, ta yi masa sannu da dawowa daga tafiya. Ya tsaya, ya dube ni, ya cire tabarau. Sannan ya wuce.

Kunyar da na ji ita ce ta koma fushi, kuma a kanta na sauke. Na shiga na ciro takardar, na fito na ajiye mata a cinya a gaban duk mutanen da ke bencin. Na ce da ƙarfi, "Mama, an cire ki. Ƙafarki ba ta da amfani a wurinmu yanzu. Ki daina zuwa kina tare mana benci, wari yana damun mutane."

Wani dattijo mai hawan jini da ke gefenta ya matsa. Ita kuwa ta ninke takardar gida biyu, ta saka a jaka, ta ce, "To, na gode." Ta dafa bango ta tafi. Ban raka ta bakin titi ba.

Kwana goma bayan haka aka kwantar da ita. Ruɓar ta hau sama, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ban ce da an kai takardar da wuri ƙafar za ta tsira ba. Na taɓa tambayar wata likita a kaikaice, ta ce babu mai iya sani. Mahaifiyata ta yi ta kai mata kunu a asibiti. Ni ina aiki hawa ɗaya a ƙasan ɗakin da take kwance, amma ban hau ba. Na riƙa cewa aiki ya yi yawa.

Ƙa'idar bincike ita ce duk wanda aka taɓa ba lamba, ko an cire shi, sai an bi sawunsa an rubuta yadda ya ƙare. Bayan an sallame ta, oga ya ba ni fom ɗin ƙarshe. Na roƙi abokiyar aikina ta je a madadina, ta ce ita ba ta san Tudun Wada ba. Ranar Asabar da hantsi na shiga ɗakin Mama da fom da biro. Tana zaune a kan katifa, sandunanta a jingine.

Ta amsa kowace tambaya sarai. Yaushe aka yi tiyatar, ta faɗa. Tana jin zafi, ta ce yatsun da babu su ne suke mata ƙaiƙayi. Tambaya ta ƙarshe ita ce ko ta gamsu da yadda aka kula da ita a binciken, ƙwarai, ko daidai, ko kaɗan, ko sam. Na karanta murya ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Rubuta ƙwarai." Sannan ta ce, "Ba za ka ɗauki hoto ba? Ogan naka zai so." Ta kwance bandejin da kanta, ta ɗaga dungun ƙafar sama, ta hana ni kau da kai sai da na ɗauka.

Ina haɗa takarduna sai ta ce, "Yarinyana, na yi makaranta, ka sani. Takarda da ka ba ni, na karanta kwanan wata. Likita na ƙoda ma ya karanta. Ya tambaye ni ina na ɓoye shi sati uku, ya zage ni a gaban nas-nas, ya ce ni na kashe ƙafana. Na ce masa e, ni na manta."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. "Ban gaya wa mamanka ba. Ba zan gaya masa ba. Kai za ka riƙe."

Wata biyu bayan nan ɗanta ya zo ɗaukarta zuwa kudu, inda zai iya kai ta wankin ƙoda kusa da shi. Ya kawo mota, amma lungunmu mota ba ta shiga, duwatsu ne da kwata har bakin titi. Da safe ne, duk gidan an fito sallama. Ɗan ya durƙusa zai goya ta, sai ta ce a'a, ni take so in ɗauke ta, ni da na yi mata ɗawainiya tun farko. Mata suka yi ta yaba wannan ƙauna. Mahaifiyata ta tura ni gaba tana share hawaye.

Na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta zagayo da hannayenta wuyana, muna fita ƙofar gida ta kafa farcenta a naman kafaɗata, a ƙarƙashin wuyan riga inda ba mai gani. Ta danna da duk ƙarfin da ya rage mata. Tana dannawa tana ɗaga murya tana sa wa maƙwabta albarka ɗaya bayan ɗaya, mai shago, matar fasto, mai sayar da gawayi, tana dariya, tana cewa su zo biki in ɗanta zai yi aure. Ina jin fata tana tsagewa, ina jin ɗumi yana gangarowa bayana. Ban yi ƙara ba, ban kuma yi sauri ba. Lungun yana da tsawo, haka muka bi shi har mota.

Na zaunar da ita a kujerar baya. Ta goge yatsunta a zaninta, ta ce wa direba su tafi. Kafin shekara ta zagayo ɗanta ya bugo wa mahaifiyata waya ya ce ta rasu.

Ni kuwa ranar da suka tafi na koma ɗaki na canza riga, na wanke wurin da ruwan gishiri, na hau keke zuwa asibiti. Na makara da kusan awa ɗaya. Akwai wata mata daga Jos Jarawa da ta kawo 'yarta mai sikila, suna jirana tun safe in fassara musu takarda. Na ba su haƙuri, na ja kujera na zauna. Na ƙara shekara huɗu a wannan aikin, kuma oga ya sha faɗa a gaban baƙi cewa ba shi da ma'aikaciyar da ta kai ni iya shawo kan mutane.