Mai Neman Sabis a Tashar Kebbe

A tashar Kebbe, wani mai furfura a gemu yana tsaye kan benci, ya ɗaga waya yana neman sabis, yana faɗa a cikinta. Shaddarsa ta birni ce, takalminsa ya sha laka. Daga faɗansa na gane shugaba ne a kamfanin haɗa manhajar waya.

"Rauda, wa yac ce ku fidda ta ba a bincika ba? Shekara ashirin nika yaƙi da wanga ganganci! Ƙofa kunka bari buɗe, bayanan mutane na ciki!"

Sabis ya ɗauke, bai lura ba. Yana ta zuba, jijiyar wuya a tashe. Ina jin ba yau aka fara barinsa yana magana shi kaɗai ba.