Shuɗiyar Rigar Malam Umara

Khalil ɗan Malam Umara ne, mai sayar da kanwa a kasuwar Azare. Uban tun yana saurayi ya baro ƙasar Borno, ya biyo fataken kanwa, garin ya karɓe shi ya zauna. Khalil ne ɗan fari, don haka ba wanda ya taɓa jin Malam ya kama sunansa. "Wancan" yake ce masa. In magana ta taso tsakaninsu, ta bakin uwar, Ya Gana, take zuwa ta dawo.

Da ƙyar Khalil ya gama sakandare, don bayan kowane littafinsa zane ne. Ya kama sana'ar rubuta allunan shaguna, yana zana kawunan aski da ɗawisu a bayan manyan motoci. A shekarar 2005 ya samo tsohuwar kwamfuta daga Kano, ya kafa ta a ƙuryar shagonsa kusa da tasha. Kafin a jima wurin ya zama majalisa. Duk Asabar bayan la'asar samari ke taruwa, wani daga Misau, wani ya sha hanya daga Katagum a kan babur, kowa da faifansa a aljihu. A kwamfutar, wannan ya sa kazar da ya zana ta yi taku, wancan ya sa mutum ya ɓace a tsakiyar titi. Siddabaru suke kiran aikin. Mutanen gari kuwa cewa suke ƙartai da gemu sun koma wasan yara.

Babban abokinsa a majalisar shi ne Jalo, Bafulatani mai ɗaukar bidiyon biki, shi kaɗai ke da kyamara. Su biyun suka ƙware a dabara ɗaya. Sai su rataya shuɗin yadi a bango, su ɗauki mutum a gabansa, kwamfuta ta cire duk inda shuɗi yake, su zuba zanensu a gurbin.

Khalil ya daɗe yana zana tafkin Chadi da kwalekwale da ayarin raƙuma. Bai taɓa zuwa can ba. Daga bayan danga ya ji labarinsu, lokacin da Malam ke ba ƙannensa labari. Burinsa Malam ya zauna gaban yadin nan ya faɗi labarin da bakinsa, tafkin na motsi a bayansa. Kuma tsohon bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ko a bikin 'ya'yansa. Babu hotonsa ko ɗaya a duniya.

Ya Gana ta yi ta kai saƙo ana dawo da ita. Ranar da aka dace ta ce, "Ya ce zai zo, amma sau ɗaya."

"To ki ce masa ya yi shiga mai kyau, Ya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ambaci launi ba.

Ranar Asabar sai ga Malam cikin babbar rigarsa ta rini, wadda ba ta fitowa sai Idi, ta sha bugu tana ɗaukar ido. Shuɗiya ce, sak yadin da ke bango. Samari suka zube suna gaisuwa. Jalo kaɗai ya ɗaga kai, don tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, ba babba ba yaro.

"Sannu da zuwa, bawana. Yau Babarbare zai shiga akwati."

"Kai ɗan Fillo, wa ya bar ka ka shigo gari? Wa ka bar wa shanun?"

Aka yi dariya. Jalo ya ja Khalil bakin ƙofa ya rage murya. "Ka ga rigar nan kuwa? Bari in sa shi ya tuɓe, akwai farar 'yar ciki a ƙasa. Ni da wasa zan faɗa, ba zai ji haushi ba."

"Kada ka soma. Mahaifina zai cire riga a gaban yara? Tashi zai yi ya tafi."

"To a sauke yadin."

"Ya riga ya zauna. Ɗauka kawai, ma gyara daga baya."

Aka ɗauka. Malam ya yi magana mai tsawo da Hausarsa mai nauyin Barbarci. Ya faɗi yadda ake fasa kanwa a bakin tafki, da raƙumin da ya durƙushe musu a hanyar Gashuwa ya ƙi tashi, da ranar da ya fara ganin kasuwar Azare. Ba wanda ya yi ko tari. Da ya gama ya karkaɗe rigarsa, ya dubi Jalo, ya ce, "Ka ce wa wancan ina son in gani."

Bayan tafiyarsa suka zuba hoton a kwamfuta. Ta yi abin da aka koya mata, ta cinye yadin ta haɗa da rigar. Abin da ya rage kai ne da hula da tafin hannu biyu, suna yawo a saman ruwa. Yaron Misau ya tuntsire da dariya, ya waiga ya ga fuskar Khalil, ya haɗiye sauran.

Har nan abin da sauƙi, don ainihin hoton na nan, tsoho da rigarsa a gaban yadi. Amma cikin kwamfutar ƙarami ne. Khalil ya adana mai tafkin, ya goge ɗanyen don ya sami wurin aiki, a zatonsa yana nan a kaset. Jalo kuma a zatonsa yana cikin kwamfuta. Kashegari yana da biki a garin Yana, ya ɗora kamun amarya a kan kaset ɗin, yadda suka saba yi da kowane kaset.

Gyara ɗaya ne ya rage, a roƙi Malam ya dawo sanye da farar riga. Khalil bai roƙa ba. In zai roƙa dole ya bayyana dalili, kuma ya kasa gano yadda zai aika uwarsa ta ce wa ubansa an mayar da shi kai babu gangar jiki. Duk lokacin da Ya Gana ta ce, "Yana tambayar abin nan," sai ya ce ana gyara. Tun ana tambaya har aka daina. Jalo ya ce a bar shi ya je da kansa, Khalil ya ce a bari bayan Salla. Sallar ta wuce, wata ma ta wuce. Khalil yana cewa kunya ce, amma tsoro ne.

Malam Umara ya rasu da damina a 2008, bayan gajeren zazzaɓi. Lokacin majalisar ma ta fara watsewa. Wasu sun tafi Kano neman aikin fim, wasu sun yi aure, na Katagum ya koma gyaran waya. Khalil ya ci gaba da allunansa, yana tura wa mutane waƙoƙi a waya da kwamfutar.

Da Ya Gana ta fita takaba, ta zo shagon da kanta da hantsi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a benci ta ce, "Kunna mini."

"Ya, bai yi kyau ba."

"Ban tambaye ka kyau ba."

Ya kunna. Kan Malam ya fito a saman ruwa, hannuwa na kwatanta girman dutsen kanwa. Ta kalla har ƙarshe ba ta motsa ba.

"Wannan ne ka ɓoye?"

"Shi ne."

"Rigar ce kawai babu?"

Ya gyaɗa kai.

"Da ya gani da ya yi dariya har ya ƙware, ya ce aikin ɗan Fillo ne." Ta gyara mayafinta. "Shi ya ɗauka Hausarsa ce ta ba ka kunya a gaban abokanka. Haka ya faɗa mini. Ya ce kada in ƙara tambayarka."

Khalil ya waiga bakin ƙofa. A waje wani direba na ƙwala masa kira, an kawo motar da zai yi wa rubutu.

"Je ka, ana kiranka," in ji ta. "Amma mayar mini da shi farko tukuna."