Mai Sanyi da Faya-fayansa

Farkon haɗuwata da Mai Sanyi faɗa muka yi. Ni ce mai sharar ofishin, shi ne mai kula da injinan da ke ƙaramin ɗakin ƙasan bene, inda ake ajiye aikin kowa. Na zo da bokitina, sai ya tare ƙofa.

"Iya, ruwa ba ya shiga nan."

Na ce, "Ɗan nan, na goge ɗakin manaja, sai wannan firjin naka ne zai gagare ni? Jaririn wa kake raino a ciki?"

Ya ce, "Na mutanen sama." Ya karɓi tsumma busasshe, ya goge da kansa. Na tsaya ina gyara masa riƙo.

Saboda sanyin ɗakin na sa masa sunan, ba ya rabuwa da rigar sanyi da tari. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure nesa, sai ta ga dama take kira. Abincin rana a kan kwali yake ci, yana fuskantar fitilun injin. Mutanen sama ba sa saukowa sai abu ya lalace, su ce, "Ina mai kwamfutar nan?"

Da aka ce masa ƙarshen wata zai ajiye aiki, ya zo daidai da cikar faya-fayan da injin ke ajiye aikin mutane a ciki. Ya nuna mini su, an haɗa su kamar mata masu ɗaukar tukunya ɗaya: ko ɗaya ta faɗi, sauran na riƙe. Dukansu suna ɗaya gare su, da shi kwamfutocin sama ke kiransu. Ya haɗa sababbi manya a gefe, ya shiga kwashe kaya daga tsofaffin. Ya yi ta zama yana kallon wani layi na rarrafe a allo, kamar mai jinya.

Da aka gama, injin ya ba sababbin wani suna dabam. Ya ce in an bar shi haka, duk wanda ya kunna kwamfuta a sama ba zai ga aikinsa ba.

Na ce, "To bar shi haka mana. Su sauko da gudu, su ga wa suke kora."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Iya, ke muguwa ce."

"Ni mai hankali ce. Kai ne ban sani ba."

Bai ji shawarata ba. Ya tsayar da tsofaffin, ya cire musu sunan, ya ba sababbin. Ya zare tsofaffin da ɗuminsu, ya naɗe kowanne a leda, ya jera a kwalin da yake cin abinci a kai. Sannan ya zauna yana kallon wayar ofis, ko wani zai kira daga sama. Ba ta yi ƙara ba. Ya ce wai alamar aiki ya yi kyau ke nan.

Ranar tafiyarsa mutanen sama suna taro, ba wanda ya sauko. Ni na riƙe masa rigar sanyin har bakin titi. Ya ce kada in bar wanda zai gaje shi ya shiga da shayi.

Na ce, "Ya shiga da kogi ma. Kai dai kira 'yarka yau, ka daina jira sai abu ya lalace mata."