Gayyar da Muka Ƙaurace wa

Wata Asabar a tsakiyar damina, ina aji biyar a firamaren Kalgo, na laɓe bayan wata giginya ina kallon Malam Sa'idu tsaye shi kaɗai a gonar shinkafarsa. Ya kira gayya, ciyawa ta kai gwiwa, ga ƙoren fura da akusan tuwo mahaifiyarsa Inna Kulu ta jera a inuwa. Har rana ta take, ko mutum ɗaya bai zo ba. Ni na jawo wannan.

Malam ɗan Gwandu ne, gwamnati ta tura shi Rasha karatun noma, ya dawo yana koyar da mu. Tun zuwansa manya suke raɗa: "Kwaminis ne, can ba su san Allah ba, gonar kowa ta kowa ce." Har mu yara muka sa waƙa, in ya wuce muna langa sai mu rera. Amma ba gayyar da za a yi a garin bai zo da fartanyarsa ba, kuma sahun gaba yake salla.

Wata rana ya hura wuta a aji, ya tafasa ruwa a tukunya, ya tara murfi a kan tururin har ya riƙa ɗiga. "Haka Allah yake ɗaga ruwan gulbi ya mayar muku da shi," in ji shi. Da yamma na kai wa Baba buta a ƙofar gida, abokansa na hira. Ina so a saurare ni ko sau ɗaya, sai na ba da labarin, na cire sunan Allah. Na ce Malam ya ce tururi ne ke yin ruwa, ba kowa ba.

"Ai na faɗa muku!" in ji Kawu Manu, yayan Baba, yana buga cinya. "Yau ruwan sama, gobe gonakinku. Duk wanda ya sa masa fartanya a gona, ya sallama fadamarsa ke nan."

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, a cikin dattawan nan ba wanda ya taka ya tambaye shi. Sun ɗauki maganar yaro mai majina sun yanke wa mai ilimi hukunci, don dama tsoron karatunsa suke. Mutanen da suka gaji gayya kaka da kakanni, wai su ne ke gudun mai son a haɗa hannu!

Ranar gayyar da la'asar, Inna Kulu ta hango ni bayan giginyar. "Zo, ɗana, sha fura kada ta lalace. Mi muka yi wa mutanen garinku?" Na sha, ban ce komai ba. Wannan shirun ya fi ƙaryar muni. Ciyawa ta cinye shinkafar, kafin kaka Malam ya nemi canjin wurin aiki, ya kwashe uwarsa suka bar garin.

Yanzu ba mai ambaton Rasha, gayya ma ta mutu, sai ƙwadago. Jikokina suna haddace yadda ruwan sama ke samuwa, ba wanda ya taɓa hura musu wuta a aji. Bara na je Gwandu neman gafararsa, aka nuna mini kabari. Furar nan har yau ba ta wuce mini maƙogwaro ba.