Jinin da ya kai ƙarar tsohuwata

Shekarar da damina ta yi mana rowa har gero ya ƙone a tsaye, ita ce shekarar da ƙodar tsohuwata, wato matata, ta ajiye aiki. Ɗiyar kawuna ce, abokiyar wasa, don haka tun aurenmu ba mu taɓa magana babu tsiya a ciki ba. Daga Unguwar Lalle muke tahiya Sakkwato wankin ƙoda.

Ni da na bar makaranta a aji huɗu, ni ne mai fassara. Likita ya ce idan naman zuciya ya wahala, akwai abin da yake zubarwa cikin jini. Masu wankin ƙoda nasu kullum yana ɗan sama, abin tsoro shi ne ya ci gaba da hawa. Nata ya hau. In ya ƙara, sai a riƙe ta asibiti, ita kuwa ta rantse ba za ta mutu a gadon ƙarfe ba. Na gyara murya na shaida mata ilimi ya tabbatar sona ne ya cinye mata zuciya. Ta ce in haka ne da tuni ta warke.

Da likita ya tambaya ko ƙirji na ciwo, ta ce lahiya lau, kamar kowace Bagobira. Ya ce jini bai ce haka ba. Sai a mota ta faɗa mini gaskiya: in tana daka ne ƙirjin ke ciwo. Tun da aka kawo ta gidana ban sha hurar wani hannu ba, kuma tsabar da muke saye a kasuwa rana ta busar da ita kamar tsakuwa. Ita ke daka mini, tana tsayawa tana dafe ƙirji.

Na ce a kai inji. Ta ce hurar inji ba ta shiga bakin mijinta.

Washegari na ɗauki taɓarya, da gemuna. Maƙwabta suka leƙo ta kan danga, wani ya tambaya ko za a ɗaura mini zane. Ita tana kan tabarma tana ba da umarni.

"Malam, turmin kake duka ko geron?"

Awon da ya biyo baya abin bai sauka ba, amma bai hau ba. Likita ya ce mu koma gida. A hanya ta ce hurata duk gudaji ce, gobe in ƙara tankaɗe.